KADA MU RATAYA WUYANMU GA SHUKA GUDA

Jawabi ga taron rassan kasuwannin Adar a Kalfu

Dattawa, iyayenmu mata, samari da wakilan rassa da kuka zo daga Tawa, Kaita da Badagishiri, muna yi muku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau guda ce: talakan da ya ba shuka ɗaya dukan gonarsa, ya ba mai saye guda dukan ransa.

Mu fara da taba. Tun zamanin kakanni ana noman ta a kwarin Majiya da gulbin Maraɗi, fatake suna kai ta arewa inda ake taunarta da kanwa. Ta kawo kuɗin haraji da na aure, ba mu musa ba. Amma magabata sun ce taba ta bambanta da garin gero. Ran da mai saye bai zo ba, wa zai tuƙa tuwo da ita? Sa'an nan duniya ta juya mata baya. A 2003 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar yaƙi da shan taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, Nijar kuma ta kafa tata dokar a 2006. Ku dubi Malawi a kudancin Afirka: shekara da shekaru fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje na taba ne. In kamfanonin Turai da Amurka suka rage saye, manomin can ne ke kwana da yunwa.

Wani zai ce, ai mu ba Malawi ba ne. To, mun manta da gyaɗa? Bayan samun mulkin kai a 1960 ita ce babbar hajar ƙasar nan, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta. Farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, cinikin ya durƙushe. Wanda ya bar hatsi domin gyaɗa ya rasa duka biyu.

Yau albasa ce ta hau wannan kujera. Albasar Galmi abin alfaharinmu ce, ana nemanta har Akara da Abijan. Amma mene ne ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakokin Binin da Nijeriya? Manyan motoci suka tsaya, kaya suka ruɓe a hanya, mai garka ya saura da bashin mai da na taki. Iyakar Nijeriya ba ta buɗe ba sai a watan Maris 2024. Watau ƙofar da ke ciyar da mu, makullinta yana hannun wasu.

Ba mu ce a daina albasa ba. Abin da muke kira gare shi huɗu ne.

Na ɗaya, ciki kafin aljihu. Hatsi, dawa da wake su fara cika rumbu. Faƙon da muke cewa ya mutu bai mutu ba: aikin gyaran ƙasa na Kaita da aka soma a 1984, da ramukan tassa na manoman Illela, sun nuna ana iya mai da shi gona.

Na biyu, a raba garka. Gefe albasa, gefe tumatir, kabeji, dankali, tattasai da zogale. In wannan ya faɗi, wancan ya ɗauke mu.

Na uku, kada mu zubar da albasa duka lokacin cira, sa'ad da kasuwa ta cika dillali yana yanka kuɗi yadda ya so. A gyara rudu, a ajiye har ta yi daraja. Iyayenmu mata sun san aikin gabu da busasshen tumatir, abin da ba ya ruɓewa ko an rufe hanya wata shida. A ba su jari.

Na huɗu, mu raya kasuwanninmu. Makiyayin Abalak yana bukatar hatsi da harawa, mu kuwa muna bukatar nono, bisashe da taki. Tsakaninmu da shi babu kwastan. Kasuwar Lahadi ta Tawa tana bakin ƙofarmu. In garka tana ba da kuɗi kowane mako, samarinmu kaɗan ne za su kwashi jaka su tafi bida Abijan su bar tsofaffi da gona.

Saboda haka kowane reshe ya koma gida da aiki. Ku ƙidaya garake da rijiyoyin garinku. Ku haɗa manoma su sayar tare da murya ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku riƙa aiko da kuɗin tiya da na buhu kowace ranar kasuwa, domin na Kalfu ya san abin da ake ciki a Badagishiri kafin dillali ya iso.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da bashi. Wassalam.