Tabon Manja a Bargon Amarya

 

Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta yi wata biyu tana harhaɗa guntayen atamfa, ta cusa auduga a tsakiya, ta ɗinka bargo da hannu. Mai bargon ta riga ta biya rabin kuɗi, za ta sa shi a kayan 'yarta. Saura kwana huɗu biki, yaro ya kifar da kwanon miya, manja ya zauna a gefe ɗaya.

Mun san abin da zuciya takan fara raɗa mana. A ninke wurin ciki, a miƙa da yamma, kafin a gani an karɓi cikon kuɗi.

Mu buɗe Littafin Firistoci sura 13, daga aya 47. Da yawanmu mukan tsallake wannan wuri, amma Allah ya yi magana a kan tufa mai tabo. Ba a ɓoye ta, firist ake kai wa ya duba. Yakan ajiye ta kwana bakwai. In tabon bai yaɗu ba, a wanke, a sake jira kwana bakwai. In ya dushe, a yage wurin kaɗai. Maganar a can ta cutar da ke cin tufa ce, ba ta miya ba, amma ku lura, nunawa ce ta zo kafin wanki.

Haka 'yar'uwar nan ta yi. Ta ɗauki bargon ta tafi gidan matar, ta ce, “Mama, ga abin da ya faru a hannuna.” Mama ta yi faɗa, ba za mu ɓoye muku ba. Daga baya ta ce a gwada.

Ba ta cuɗa ba, don cuɗa tura mai yake yi cikin auduga. Ta barbaɗa garin rogo ya tsotse man, ta kakkaɓe. Ta gwada sabulu a lungu, ko atamfar za ta zuba. Sa'an nan ta bi tabon a hankali daga baki zuwa tsakiya, ta shanya a kwance a inuwa. Ba ta sa dutsen guga ba, gama zafi kan kafe tabo.

Ƙyalle ɗaya ya ƙi fita. Ta farke shi, ta ɗinka wani da yardar Mama, ta rage kuɗin da kanta. Ran Jumma'a da dare aka kai bargon ɗakin amarya.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Zabura 51. Ku karanta ta tare da yara kafin mu sadu.