Littattafan Ƙagen Kimiyya a Ajin Yaranmu: Jawabi ga Malamai da Iyaye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da iyaye, an sha tambayata game da littattafan nan na yara masu ba da labarin tafiya sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi. Waɗansunmu suna ganin a kwashe su daga makarantunmu baki ɗaya. Ni kuwa ra'ayina shi ne a bar su, amma malami ya zauna tare da yaro a kansu, domin abin da aka ƙwace a aji, a ɓoye za a karanta shi, babu mai gyara.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a Hausa. A shekarar 1969 aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka yawo cikin sarari. A Turai kuma, tun 1865 Jules Verne, mutumin Faransa, ya ƙaga labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Filorida ta Amurka, da wata ƙatuwar igwa. Bayan shekara 104, a Yulin 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga wannan jiha ɗauke da mutum uku, biyu daga cikinsu suka taka wata.

To, yaya malami zai yi da irin wannan littafi? Bayan kowane babi, ya sa yara su kasa abin da suka ji kashi uku.

Na farko, abin da ilimi ya tabbatar, kamar nisan wata daga ƙasa, kimanin kilomita 384,000.

Na biyu, abin da marubuci ya ƙaga. Yara su gane cewa ba a aika mutum sama da igwa, domin ƙarfin harbin kaɗai zai hallaka shi. Yaron da ya koyi rarrabe labari da hujja a nan, gobe ba ya karɓar maganar boka ido rufe.

Na uku, abin da ya taɓa aƙida. Idan littafi ya nuna cewa duniya ta yi kanta, ko na'ura ta san gaibu, malami ya tsaya ya warware, kada ya tsallake shafin don jin nauyi.

Ya 'yan'uwa, akwai riba a nan ga aikinmu na yaƙi da camfi. Sau nawa muka ji an ce fitowar tauraruwa mai wutsiya alamar mutuwar sarki ce, ko muka ga yara suna kiɗa gwangwani wai rana ta saki wata? Alhali tauraruwar Halley tana zagayowa ne duk bayan kimanin shekara 76. An gan ta a 1986, ana sa ran dawowarta a 2061, in Allah Ya so. Kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar. Sai Annabi ya gyara musu, ya nuna husufi aya ce ta Allah wadda ba ta da alaƙa da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurce su da salla.

Saboda haka ina kira ga kowane malami ya karanta littafin tukuna kafin ya miƙa wa ɗalibi. Masu alƙalami daga cikinmu kuma su rubuta wa 'ya'yanmu irin waɗannan labarai da Hausa, kada mu tsaya ga sukar na wasu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.