Kofin 1998 Da Yaranmu Na Gida

Jawabin da kwamitin matasa da wasanni ya gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu ta 'yan ƙasar Katagum mazauna Sabo, Ibadan



Mai girma shugaban taro, wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da 'yan'uwanmu matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah Ya saka wa wanda ya rufe shagonsa da wanda ya bar kasuwarsa domin halartar wannan zama.

An ba kwamitinmu ɗan lokaci mu yi magana a kan ƙwallo. Tun da aka ambaci haka muka hango wasu daga cikin iyayenmu sun fara duba agogo. To a yi mana haƙuri. Maganar tana da kuɗi a ƙarshenta, kuma aljihunku za ta taɓa, don haka gara a ji ta tun daga tushe.

Kowa ya san yadda hirarmu take da dare a teburin mai shayi. Duk inda aka fara, ko farashin goro ne ko na shanu, in dai akwai mutum uku 'yan jihar Bauchi a wurin, sai an gangaro kan shekarar 1998. A shekarar ce Wikki Tourists ta Bauchi ta ci Kofin Ƙalubale, wanda mu muka fi sani da Calenj. Ta haɗu da Plateau United ta Jos a wasan ƙarshe, aka yi ta gumurzu babu wanda ya ga ragar wani, sai da aka je bugun fenariti, Wikki ta ci 3, Plateau ta ci 2. Iyakar abin da ke rubuce ke nan. Amma ku saurari yadda ake ba da labarin a nan Sabo. Wani ya ce a gidan maƙwabci ya kalla a talabijin, wani ya ce da rediyo a kunne ya ji yana tsaye a bakin rumfa, wani kuma kullum labarinsa ƙaruwa yake yi, har yanzu ya kai ga cewa shi ya hango kusurwar da gola zai faɗa tun kafin a buga. Ba mu ƙaryata kowa ba. Abin da ya wuce shekara 25 ana maimaita shi dole ya yi ƙiba.

Abin da ya ƙara wa abin daɗi a wurinmu mazauna Ibadan shi ne, a wannan shekarar ce masu masaukinmu, Shooting Stars, suka ci lig. Ga filin Adamasingba nan kusa da mu, ihunsu har cikin ɗakunanmu yake shiga. Shekara uku kafin nan, a 1995, su ne suka doke Katsina United da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na wannan kofi, muka sha tsiya a kasuwa har muka gaji, don a wurin Bayarabe ɗan Katsina da ɗan Azare duk ɗaya ne. To a 1998 sai aka yi raba daidai, su lig, mu kofi. Ranar ce muka shiga Mokola da ƙafar dama.

Sai dai matasa su sani, kafin Wikki mu mutanen Azare aron kulob muke yi. Garinmu yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, duk motar da za ta je ɗaya daga ɗayan sai ta ratsa mu. Saboda haka rabin gari Kano yake kallo, rabi Barno. Da aka zo wasan ƙarshe na 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Kano Pillars, sai Azare ta dāre gida biyu, wa da ƙane kowa da nasa. El-Kanemi ta ci 3 da 2, ta kuma sake ɗaukar kofin a 1992. A wannan shekarar ta 1991 ce aka kafa Wikki, aka sa mata sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan da ke dajin Yankari. Wato shekararta bakwai kacal a duniya ta ɗauko kofin da manya suka tsufa suna nema.

In an ce manya sun tsufa suna nema, a tambayi mutanen Jos. An fara wannan gasa tun 1945, lokacin ana kiran ta Kofin Gwamna, kuma kulob-kulob na Legas ne kaɗai ke cinye ta har sai 1953 da 'yan wasan Kano suka kawo kofin Arewa. Bayan nan Jos ta yi ta zuwa wasan ƙarshe tana komawa hannu rabbana. Dattawan da ke zaune a nan gaba za su tuna 1972, Mighty Jets da Bendel Insurance. An ci Jets 2, lokaci ya kusa ƙarewa, Sam Garba Okoye ya farke duka biyun. Aka ce a sake wasa, aka kawo shi nan Ibadan, filin Liberty, Bendel ta ci 3 da 2. Akwai waɗanda suka je wannan wasa a cikin ɗakin nan, kuma har gobe ba a yi musu maganar alƙalin wasa. Don haka da Wikki ta kayar da Plateau a 1998, murnarmu tana da ɗan tausayi a ciki. Allah da ikonSa, shekara na zagayowa, 1999, Plateau United ta ci nata, aka huta.

Zamanin nan kam na Arewa ne. Daga 1989 zuwa 2000, shekara 12, sau 9 kofin yana kwana a tsohuwar jihar Arewa: BCC Lions ta Gboko sau huɗu, El-Kanemi sau biyu, sai Wikki, sai Plateau, sai Niger Tornadoes ta Minna a 2000. Katsina United ita kaɗai ta je wasan ƙarshe sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ba ta dace ba ko sau ɗaya.

Bari mu ɗan ratse. A 1996 aka cire Gombe daga Bauchi aka ba ta jiha, mu kuwa da muka daɗe muna neman jihar Katagum aka bar mu da takardunmu a hannu. Kowa ya san yadda zukata suke a Guddiri a lokacin, ana ganin komai sai Bauchi, komai sai Bauchi. Amma ranar kofin ba mu ji wanda ya ce wannan ai na mutanen Bauchi ne ba. Ɗan Gamawa da ɗan Giade da ɗan Yana, kowa cewa yake mun ci. To mun ci ɗin. Tambayar da kwamitinmu ya zo da ita yau ita ce, tun da mun iya cewa mun ci a kan kulob ɗin da ke kusan kilomita 200 daga gidajenmu, me muka yi wa yaran da ke buga ƙwallo a bayan gidajen namu?

Duk wanda ya je gida da Sallah ya gani. Bayan La'asar babu filin makarantar da ba a cike yake ba, a Azare, a Chinade, a Madara, a Itas, a Gadau, har can tsohon garin Katagum. Unguwa da unguwa suna karawa, a sa kofi, a yi wasan ƙarshe, jama'a su cika fili har kan katanga. Akwai yaran da in sun taɓa ƙwallo sai ka miƙe tsaye. Amma nan abin yake tsayawa. Yaro ya yi tashensa shekara huɗu ko biyar, ba wanda ya gan shi sai 'yan unguwarsu, daga nan sai ya sayi babur ya shiga acaɓa, ko ya biyo mu nan kudu neman abinci.

Lig ba wurin talaka ba ne. Kulob ɗin da zai buga lig sai ya yi shekara yana yawo jiha jiha, da albashi, da otal, da mota. Amma kofi daban yake, kuma shi ya sa muke ƙaunarsa. Kowace jiha hukumar ƙwallonta tana shirya nata kofin, kuma ƙaramin kulob yana iya shiga in ya yi rajista ya biya abin da aka yanka, ya yi wa 'yan wasansa kati. Kulob biyun da suka kai wasan ƙarshe a jiha su ke wakiltar ta a gasar ƙasa. Can kuma sili ɗaya ƙwale ne, wanda aka ci ya tafi gida, kuma a filin da ba na kowa ba ake bugawa. Minti 90 ne. In yaranka suka tsare gidansu aka je fenariti, to babban kulob da ƙarami duk gabansu faɗuwa yake yi.

Kada a ce tatsuniya muke yi. A nan garin da muke zaune aka yi Leventis United, wadda ta ci wannan kofi a 1984 tana rukuni na uku, shekara na zagayowa ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka, sai Al Ahly ta Masar ce ta tsayar da ita. A 2024 El-Kanemi tana rukuni na biyu ta doke Abia Warriors 2 da nema a Legas ta ɗauki kofin karo na uku. A Faransa ma, a shekarar 2000, wani kulob na garin Kale, 'yan rukuni na huɗu, waɗanda kowannensu yana da aikin da yake ci da shi ban da ƙwallo, ya kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar. Nant ta ci su 2 da 1, amma da aka zo ɗaga kofi sai kyaftin ɗin Nant ya kira nasu suka ɗaga tare.

Ba mu ce yaran Azare za su ɗauko kofin Nijeriya baɗi ba. Wanda ya faɗa muku haka yana neman kuɗinku ne kawai. Abin da muke cewa shi ne, ranar da kulob daga ƙasar Katagum ya tsaya gaban Wikki a kofin jiha, ko an ci shi, masu neman 'yan wasa sun ga yaranmu, kuma yaran sun san akwai hanya.

Akwai darasi na biyu a labarin Leventis, kuma shi ya fi damunmu. Kulob ɗin kamfani ne. Da kamfanin ya janye hannunsa a 1987, sai kulob ya mutu murus, da kofunansa da komai. Abiola Babes ta Abekuta, wadda ta ci kofin a 1985 da 1987, ita ma haka ta ƙare da mai ita ya daina. Ina Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978? Wikki kanta, da take ta gwamnati, kun ga yadda take hawa da sauka: ta zo ta uku a lig a 2016, har Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallaye da 18, ta fita Afirka a 2017, ta faɗa rukuni na biyu a 2023, ta dawo a 2025. A gida ma abin da ke kashe ƙananan kulob ke nan. Wani mai hali ko ɗan siyasa ya saya musu riguna da sunansa a baya, zaɓe ya wuce, shi ke nan. Abin da ya rataya a aljihun mutum ɗaya, ranar da ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya ya faɗi. Mu kuwa ba mu da mai kuɗi ɗaya, amma muna da yawa, kuma mun saba da karo-karo.

Yanzu ga inda muka san za a yi gardama. Da muka kai wannan shawara zaman shugabanni, wasu iyayenmu sun ce asusun ƙungiya an kafa shi ne don marar lafiya, da wanda gobara ta ci wa shago, da kai gawa ko iyalan mamaci gida, ba don wasa ba. Sun kuma ce ƙwallo tana hana yara sallar Magariba, tana kawo faɗa tsakanin unguwanni. Ranku ya daɗe, maganarku gaskiya ce, kuma ba mu zo mu musa ba. Shi ya sa ba mu nemi ko kwabo daga wannan asusu ba, kuma muna roƙon a rubuta haka a littafin taro don kada wani kwamiti na gaba ya taɓa shi. Abin da muke nema izini ne mu buɗe littafi na daban, wanda ya ga dama ya sa hannu, wanda bai ga dama ba babu mai zarginsa.

Kuɗin kuma ba za a damƙa wa kowa a hannu ba. Abu uku za a biya kai tsaye: rajistar kulob da katin 'yan wasa a hukumar ƙwallo ta jiha, kuɗin mota da abinci ranar da za su je wasa, sai riguna da takalma. Rigar ba za ta ɗauki sunan kowa ba, ba na ɗan siyasa ba, ba na shugaban ƙungiyarmu ba. Ba kuma mu za mu zauna a Ibadan mu zaɓi kulob ba, don mun san abin da zai biyo baya, kowa zai ce na unguwarsu. Wanda ya ci gasar da ake yi a gida shi za a tallafa wa, ko daga wane gari yake. Sharaɗinmu biyu ne a kansu: a tashi daga fili kafin kiran Magariba, kuma kulob ɗin da magoya bayansa suka ɗaga hannu a kan alƙalin wasa ya fita daga lissafinmu na wannan shekara. Muna so a ba mu dattijo ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mana gyara ya riƙe littafin tare da ma'aji, a kuma karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a taro irin wannan.

Direbobinmu da ke hawa hanya kowane mako sun riga sun ce ɗaukar kaya zuwa Azare a kansu, ba sai an biya ba. Allah Ya yi musu albarka. Masu ɗinki biyu su ma sun yi magana a kan riguna.

Mai girma shugaba, wannan ita ce buƙatarmu, muna roƙon a sa ta a ƙuri'a kafin a tashi. In an amince, ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafi bayan addu'a, kuma za mu aika wa mutanen gida takarda a cikin makon nan don su san da maganar kafin hukumar jiha ta buɗe rajista.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Katagum, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.