Bindiga a Hannun Kowa?

A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa mutanen Zamfara su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Wa zai ga laifin manomin da aka raba da gonarsa idan ya yi na'am? Sai dai ba ƙarancin makamai ke damun Zamfara ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka bazu a Sahel, kuma da 'yan sa-kai suka ɗauki nasu, ramuwar gayya ta ƙara ruruwa tsakanin ƙauyuka da rugage. Bindigar toka ba ta ja da AK-47. A kai jami'an tsaro ƙauyukan nan, su kwana tare da mutane.