Takardar Mota Da Farashin Kasuwa

Yau maganarmu a kan kamiyo ne, da takardun da yake ɗauka kafin ya ɗauki kaya.

Mai mota ba ya tashi sai da kartigiris, da asiransi, da patanti, da takardar duba lafiyar mota, direba kuma da farminsa. In zai ƙetare iyaka, ga duwan na jira. Kowace takarda da kuɗinta. To, wa ke biya? Mai mota ya ɗora wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya rage wa manomi kuɗin albasa, ya ƙara wa mai sayen gishiri. Mu ne ke biya.

Takarda kuma ita ke zaɓa wa mota hanya. A da gujiyar Maradi da Damagaram Kano take bi, domin can jirgin ƙasa ya fi kusa. A 1953 Faransawa suka shirya abin da suka kira Operasiyo Irondel: motoci su kai gujiya Faraku, jirgi ya kai ta Kwatano, su komo da kayan kanti. Hanyar ta fi nisa, amma aka daidaita kuɗin dako don kaya su tsaya cikin ƙasashen Faransa. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukuma ɗaya ta wannan sufuri.

A 1982 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Kwatano cewa kaya su ratsa ƙasashe da takarda guda, ba tare da biyan duwan a kowace iyaka ba. Magana ce mai kyau, sai dai shingaye ba su bar hanya ba. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta har ƙarshen 2020. A 2023 aka rufe gadar Gaya, motoci suka koma ta Lome da Burkina Faso, kaya suka yi tsada.

Ba mu ƙin lanho. Da shi ake gyaran hanya, kuma awon nauyin mota yana hana kwalta mutuwa. Abin da muke ƙi shi ne kuɗin da ba shi da rasit, da tsare mota kwana uku har tumatir ya ruɓe.

Saboda haka kowane reshe ya zauna da direbobin garinsa, a ƙidaya shingaye, a rubuta abin da aka biya da inda aka biya, a kawo taro mai zuwa. Wassalam.