DALIYYAR SHEHU USMANU: KARINTA DA ƘAFIYARTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, za mu yi magana a kan ƙasidar nan ta Larabci wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta begen Manzon Allah (S.A.W.), wadda ake kira Daliyya. Da yawanmu mun haddace ta muna rerawa, amma kaɗan ne suka san yadda aka gina ta.

Na farko, kari. Shehu ya ɗora ta a kan baharin Kamil, ɗaya daga cikin bahurra 16 na ilmin Aruli. Ƙafar Kamil ita ce mutafa'ilun, sau 3 a kowane ɗango, wato sau 6 a baiti. An yarje wa mawaƙi ya sa sukuni a harafi na biyu, sai ƙafar ta koma mustaf'ilun, abin da malamai ke kira idmari. Da wannan sassaucin Shehu ya buɗe waƙar. Wanda bai san haka ba zai ɗauka kari ya karye, har ya kai hannu ya yi gyara inda babu kuskure.

Na biyu, ƙafiya. Harafinta dalun ne mai wasalin ƙasa, shi ya sa ake ce mata Daliyya. Amma Shehu bai tsaya ga harafi ba, sai ya riƙa rufe baitocinsa da sunan Manzon Allah (S.A.W.). To, a wajen malaman ƙafiya, maimaita kalma ɗaya kafin a wuce baiti 7 aibi ne, sunansa iɗa'i. Sai dai sun yi rangwame idan mawaƙi ya maimaita sunan masoyi don jin daɗin ambatonsa. Saboda haka wannan ba ƙarancin kalmomi ba ne. Duk inda baiti ya nufa, can yake komawa, kamar yadda zuciyar mai bege take yi.

Na uku, balaga. Ya fara da tambaya ko zai sami hanyar zuwa Madina. Ba amsa yake nema ba, buri ne ya zo da siffar tambaya. Kuma mun sani Allah bai nufe shi da wannan tafiya ba har ya rasu a Sakkwato cikin 1817.

Na huɗu, ramzi. A ƙarshen waƙar ya ajiye shekarar da ya yi ta cikin haruffa: shinun 1000 a lissafin Magariba, ƙafun 100, fa'un 80, ha'un 8. Jimla 1188 ta Hijira, wato 1774, yana ɗan shekara 20.

Ya 'yan'uwa, mu dubi wannan. Saurayi ɗan shekara 20 ya riga ya ƙware a Aruli da ƙafiya da balaga. Mu kuwa muna kwafar littattafan magabata, harafi ya faɗi ba mu sani ba, alhali kari shi ne ma'aunin da ke tona irin wannan kuskure. Wajibi ne makarantunmu su mayar da darasin Aruli kusa da Nahawu, domin mu miƙa wannan amana ga 'ya'yanmu yadda muka karɓe ta.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.