Shayi, Goro da Zoɓo: Me Ke Isa Cikin Jininmu?



Yau za mu ɗan tattauna ne a kan abin da ba ma rabuwa da shi a nan Sabo, wato goro da shayi da zoɓo. Baurin nan da muke ji in mun tauna goro, ko mun kurɓi shayin da ya yi kauri, da jan nan na zoɓo, duk aikin wasu sinadarai ne da masana ke kira folifenol. Akwai su a albasa da jar dawa da koko. Ana yawan cewa suna gyara jiki. To, amma akwai magana.

Mu 'yan kasuwa mun sani, ba duk goron da aka ɗaure a huhu a Shagamu ne ke isa Kano lafiya ba. Haka abin yake a ciki. Daga abin da muka haɗiya, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ƙaramin hanji ke tsotsa. Sauran ya wuce babban hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune a can, wato bakteriya, suke farfasa shi, sannan jiki ya ɗebi wani abu. Wanda ya shiga kuma, hanta ta sake masa kama, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Na ganyen shayi yakan kai ƙololuwa a jini cikin awa 1 zuwa 2, kafin kwana guda ya kusa ƙarewa. Saboda haka shan tulu guda yau ba ya hutar da mutum gobe. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi.

Kuma ba duka suke shiga daidai ba. Na albasa jiki na karɓarsa sosai, ya fi yawa kuma a ɓawon sama-sama, don haka uwargida kada ki ɓare ta da yawa. Jan zoɓo kuwa ɗan kaɗan ne ke ratsawa yadda yake.

Yanzu ga inda muke roƙon a kasa kunne. Baurin shayi yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da alayyafo da hatsi, ya hana shi shiga jiki. Da ƙarfen nan ake ƙera jini. Kofin shayi a kan abinci na iya rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi. Ga ƙato mai cin tsire wannan ba wani abu ba ne. Amma ga mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro ƙarami, ƙarancin jini ba wasa ba ne.

Maganin abin a hannunmu yake. A bar aƙalla awa 1 tsakanin abinci da shayi. Mai ciki kada ta kora ƙwayar ƙarin jinin asibiti da shayi, ta sha da ruwa. A haɗa abinci da lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, domin bitamin C na taimaka wa ƙarfe ya shiga. Ga lemo nan tuli a Kudu, araha.

Maigida, in ka koma gida ka isar wa iyali.